Ba dole sai talotalo ba

Ƙanwata, na ga saƙonki. Kin ce kin ji ɗaliban da ba su tafi gida hutun Disamba ba sukan haɗu su ci abinci ranar 25, kina tambaya ko sai kin koyi gashin talotalo kafin Allah ya kawo ki Manchester.

Ki kwantar da hankalinki. Talotalo abincin Kirsimetin mutanen Ingila ne, amma ga ɗaliba wahalarsa ta fi daɗinsa. Mai kilo 5 in daskararre ne sai ya yi kwana biyu zuwa uku a firji kafin ƙanƙarar ta sake shi, alhali a gidan ɗalibai kanta ɗaya ake ba ki a firjin. Sannan ya shafe awa uku da ɗoriya a obin. Shekarata ta farko na gasa shi, naman ƙirjin ya fito a bushe, baƙina suka ci don kara kawai, abin ya daɗe yana damuna. Na halal ma sai kin yi oda tun da wuri.

Ni kafaɗar rago nake saya. Ki je wajen mahautan halal na Wilmslow Road a Rusholme, ko na Longsight, ki ce su bar miki ƙashin. Ki tsattsaga ta, ki cusa tafarnuwa da citta, ki shafe ta da yaji da masoro da ɗan kanumfari ta kwana a haka. Washegari ki lulluɓe ta, ki sa wutar obin a digiri 160 na Celsius, ki ba ta awa huɗu. Kitsenta ne ke hana ta bushewa, ko kin shagala da hira ba za ta ɓaci ba. Mai kilo 2 da tukunyar dafa-duka za ta ƙosar da mutum biyar. Ƙamshin nan, a ranar da magariba ke yi kafin ƙarfe huɗu, shi ke rage mini kewar gida.

Yaji ki taho da abinki, amma kilishi ki bar shi, ba a yarda a shigo da nama daga Najeriya ba. In yajin na ƙuli-ƙuli ne, ki tambayi baƙinki tukuna, a nan akwai waɗanda gyaɗa ke kaiwa asibiti.

Cefane ki gama shi tun ranar 23. Ranar 25 doka ta hana manyan kantuna buɗewa, jiragen ƙasa ma ba sa tafiya.

In kuma maƙwabta ne suka gayyace ki, ki faɗa musu da wuri abin da ba kya ci, ba sa jin haushi. 'Yan ƙananan sosej ɗin da ake naɗewa a jera gefen talotalo naman alade ne, romon da ake kwararawa a kai wani lokaci da giya a ciki, haka ma baƙin kek ɗin da ake kawowa a ƙarshe.

Ki gaida su Mama.