Kafin ka hana yaro, ka san me yake samu

Kai mai koyon aikin gyaran halayyar yara, kana tambayata don me muke zaune da littafi muna kallon yaro yana cizon hannunsa, maimakon mu hana shi? Wa ya ce maka ba a hanawa? Kare shi daga rauni ba sai an koya wa mutum ba. Abin da nake rubutawa shi ne me ya faru kafin cizon, me ya biyo bayansa. Yaro ba ya maimaita abin da bai amfane shi ba: ko kulawa yake nema, ko gudun aiki, ko wani abu da ke hannunka, ko kuwa jikinsa ne ke jin daɗin abin. Tun 1982 Brian Iwata, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya gwada wannan a Amurka kan yara masu ji wa kansu ciwo. Ku kuwa yaran yanzu, bidiyon minti biyu a waya ya ishe ku zama gwanaye.

Wani ɗan kasuwa a Zango ya taɓa kirana kan ɗansa mai galahanga, cizo har jini. Na sa aka kai shi likita ta duba haƙori da kunne, ba komai. Na yi ta zaman tsakar gidansu cikin zafin bazara, ko ruwa sai na roƙa. Sai ga shi fili: da an ɗauko allo sai cizo, kaka ta taso, "Ku bar mini jikana!", a jingine allo. Karatu yake gudu. Na koya masa miƙa kati in yana son hutu, na ce kada a ƙara jingine allo don cizo. Na gaya wa uban baki da baki cewa abin yana iya ƙaruwa kafin ya sauka, ana samun haka. Da ya ƙaru, Alhaji ya ce na lalata masa ɗa, ai iskoki ne. Ya riƙe mini jika tamanin, har littafina bai maido ba. Bayan salla na ji uwar tana bin abin da na rubuta a ɓoye, cizo ya tafi, ana ta yabon hayaƙin wani mai magani. Har yau ba na bi ta gaban shagonsa.

Gobe in ka je aiki gidan nan na unguwar Birni kada ka rubuto mini "ya yi fushi". Fushi ba ya ƙirguwa. Ka rubuta sau nawa, ƙarfe nawa, wa ke kusa. Kuma ka karɓi rabin kuɗi kafin ka tuɓe takalmi.