Shekara Guda a Kan Keke: Nauyi Ya Tsaya, Gwiwa Ta Fara Ciwo

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara guda ke nan ina zuwa wurin aiki a keke, kilomita 7 zuwa, 7 dawowa, kwana biyar a mako. A watanni huɗun farko na rage kilo 4, daga nan sikeli ya tsaya cik. Yanzu kuma gaban gwiwata na yi mini ciwo in ina hawa tudu, sarƙa ma tana zamewa in na taka da ƙarfi. Ko keken ya daina amfanata ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai daina ba, jikinka ne ya saba. Kilomita 70 kake yi a mako, wato ka haura 3,000 a shekarar ko an cire ranakun hutu. In kana tafiyar kilomita 18 a awa, kana samun kusan minti 230 a mako, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 take so baligi ya yi na matsakaicin motsa jiki. Ta wannan fuskar ka cika mudu.

Tsayawar sikeli ba abin mamaki ba ce. Tafiyarka ta yini ɗaya tana ƙona kalori wajen 300, kilo ɗaya na kitse kuwa kusan 7,700 ne. Mai tuƙa keke yunwa na kama shi, sai ya ƙara loma kaɗan bai ma lura ba, gibin ya cike. Ga shi jiki ya yi sauƙi, hanya ɗaya, gudu ɗaya, abin da ke sa ka haki bara yanzu kana yin sa kana tunanin wani abu daban. Sikeli kuma ba ya bambanta tsoka da kitse. Gara ka riƙa auna abu uku sau ɗaya a wata: bugun zuciya na minti ɗaya da zarar ka farka, tun kana kwance, ƙugu daidai cibiya, wanda ake so ya gaza rabin tsawonka, sai lokacin da wannan tudun ke ci maka.

Amma gwiwa za a fara gyarawa, domin ƙara ƙaimi a kan gwiwa mai ciwo ɓarna ce. Ciwon gaban gwiwa, wajen ƙoƙo, galibi abu biyu ke kawo shi: sirdi ya yi ƙasa, ko giyar keken ta yi nauyi. Ka jingina da bango, ka hau keken da takalmin da kake tuƙi da shi, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka juya ta zuwa can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ɗuwawu ya karkata ba. Idan gwiwa na lanƙwashe a haka, sirdin ya yi ƙasa. Kada ka ɗaga shi da yawa lokaci guda. Milimita 5, ka tuƙa kwana uku, ka sake dubawa. In ciwo ya koma bayan gwiwa, ko ka ji kana rangaji hagu da dama a kan sirdi, ka wuce gona da iri, sai ka sauke kaɗan. Ka kuma lura da layin da aka zana a jikin ƙarfen sirdi, ba a fito da shi waje. Wani abin da ake mantawa: ƙarfen nan yakan zame a hankali in ƙullin bai ɗauru ba, mutum ya yi watanni sirdinsa na nitsewa bai sani ba. Naɗa wa ƙarfen ɗan salatif daidai bakin bututun da yake shiga, ka ga ko yana motsi.

Sai giya. Mutane da yawa suna ganin taka mai nauyi shi ne motsa jiki, alhali gwiwa ce ke biyan kuɗin. Ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama ke tasowa a daƙiƙa 15. Ana son 20 zuwa 22, wato zagaye 80 zuwa 88 a minti. Ka sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga tudu, ba sai ƙafa ta cije ba. Idan gwiwar ta kumbura, ko tana maƙalewa, ko ciwon bai lafa ba bayan mako biyu zuwa uku da gyaran nan, ka ga likita.

In gwiwa ta huta, ga yadda za ka farkar da jiki ba tare da ƙara nisa ba. Kwana biyu a mako, ba a jere ba, bayan minti goma na ɗumama jiki, ka taka da ƙarfi minti ɗaya har magana ta gagare ka, ka sassauta minti biyu, ka maimaita sau huɗu ko biyar. A miƙaƙƙiyar hanya mara cunkoso ake yin wannan, ba a tsakiyar motoci ba. Sannan keke ba ya ɗora wa ƙashi nauyi, ba ya kuma aikata hannu da baya sosai, don haka ka ƙara tsugunna-tashi da ɗaga abu mai nauyi sau biyu a mako.

Sarƙa kuwa ta ci ƙasa ne. Ƙura da mai suna haɗuwa su goge ƙusoshinta, sai ta ƙara tsawo ta daina zama daidai a haƙoran giyar da take hawa. Ɗora rula a tsakiyar ƙusa ɗaya: a sabuwar sarƙa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta wuce alamar da milimita ɗaya da rabi, canza sarƙa. In ta kai milimita 3, haƙoran baya ma sun cinye, kuma sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora zamewarta ta fi ta da, sai a canza su tare. Tun da sarƙarka ta riga ta fara zamewa, ka sa rai da na biyun. Wajen sa mai, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa ya isa, ka juya feda baya, ka goge na waje da tsumma. Baƙin man mota ƙura kawai yake tarawa. Kana wurin mai gyara, ya duba maka robar birki: in tsagogin da ke jikinta sun shafe, ta ƙare.