Tambaya da Amsa: An sace min kaya, kuma babu rasit

Tambaya: Ɓarayi sun fasa mana gida, sun kwashe waya, kwamfuta da sarƙar zinariya. Kamfanin inshora yana neman shaidar cewa kayana ne, ga shi rasit ya ɓata. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya mayar miki da alheri, 'yar'uwa. Ki fara karɓar takardar rahoton 'yan sanda, sannan ki sanar da kamfanin cikin wa'adin da yarjejeniyarku ta gindaya, domin jinkiri kaɗai kan sa a ƙi biya.

Ba rasit ne kaɗai shaida ba. Idan ta banki kika biya, bayanin asusunki yana nuna ranar saye da kuɗin. Ki duba kwalin wayar, akwai lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, mai alƙaluma 15 a jikinsa; kwamfuta kuwa ki duba lambarta a katin garanti.

Zinariya ce mai wuya. Ki nemo hoton da kike sanye da ita, wanda ƙirarta ta fito sarai, ki koma wurin wanda ya sayar miki ya rubuta nauyinta da karat ɗinta. Ki karanta yarjejeniyar kuma: wasu na biyan kuɗin sabo, wasu sai sun cire na tsufa, kayan ado kuma galibi akan yi musu iyaka. Don Allah kada ki ƙara ko abu ɗaya da ba a sace ba, ƙarin kan jawo a soke neman gaba ɗaya.