Hukuncin gajeriyar rigar amarya ranar kamu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni budurwa ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim, an sa bikina bayan babbar salla. Na ga ɗinkin wata rigar leshi da ta tsaya a gwiwa, ina so in sa ta ranar kamu tunda taron mata ne, amma innata ta ƙi. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya sanya albarka a auren.

'Yar'uwa, ita rigar ba haramun ba ce a karan kanta, hukuncinta yana bin idon da zai gan ki a cikinta. A mazhabar Malikiyya, al'aurar mace a gaban namijin da ba muharraminta ba ita ce dukkan jikinta ban da fuska da tafukan hannu. A gaban muharrami, kamar uba ko wa, an yarda ta buɗe kai da wuya da hannaye da ƙafa daga idon sawu, amma ƙwauri ba ya ciki. A tsakanin mata 'yan'uwanta kuwa, abin da ya wajaba ta rufe shi ne daga cibiya zuwa gwiwa.

Da a ce kamu taron mata ne zalla, da ban hana ki ba, muddin rigar tana rufe gwiwa har lokacin da kika zauna, abin da irin wannan ɗinki bai cika yi ba. To amma wace kamu ce yau babu mai hoto, babu mai kiɗa, babu abokan ango a bakin zaure? Ko an kore su duka, wayoyin ƙawaye suna nan, kuma kafin magariba hoton ya zaga WhatsApp. Annabi (SAW) ya hana mace ta siffanta wata mace ga mijinta kamar yana ganinta, kamar yadda Bukhari ya ruwaito, balle a miƙa masa hotonta. Haka kuma, da Ummu Salama ta tambaye shi game da tsawon tufafin mata, ya ce su saki ɗani ɗaya. Da ta ce ƙafafunsu za su bayyana, sai ya ce zira'i ɗaya, wato tsawon gwiwar hannu zuwa ƙarshen yatsu, kada su ƙara. Saboda haka bai halatta ki fita da wannan riga a irin wannan taro ba.

Idan ɗinkin ya shiga ranki, ki sa a yi shi ya zama riga ta sama, ki ɗaura zane ko siket mai faɗi har idon sawu, a sa wa leshin shafi mai kauri don kada fata ta bayyana, sannan ki yafa mayafi. Mace ta gwada ki, ko ki aika wa tela rigarki ya auna. Gajeriyar kuma ki ajiye ta don ɗakin mijinki, can ado da ita abin lada ne. Bin maganar innarki a nan wajibi ne, domin ba saɓo ta umarce ki da shi ba.

Allah ne Mafi sani.