Tambayi Kawu: Ɗan Yawuri zai kai iyali kallon teku

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan kasuwa ne, albasa nake kaiwa kasuwar Mile 12 a Legas daga nan Yawuri. Na daɗe ina wannan zirga-zirga, amma da na sauke kaya na karɓi kuɗina sai in juyo gida, ban taɓa sa teku a idona ba. To bana maiɗakina ta kafe sai ta bi ni, da yaranmu biyu da ƙanena. Abin da take so shi ne a yi wuni guda a bakin teku, ta kuma leƙa shaguna ta yi tsaraba. Ina ya dace mu nufa? Shi kuma ƙanen nawa ya ce wanka zai yi, tunda a bakin Neja muka tashi, tun muna yara muke ƙetarawa gungu da iyo. Sannan ana alwala da ruwan gishiri? Allah ya ƙara wa Kawu lafiya.
Daga Mai Albasa, Yelwan Yawuri.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya kuma saka maka da alheri da ka ji maganar iyalinka. Bari in fara da ƙanenka, don shi ne ya fi tsaya mini a rai.

Ka gaya masa Kawu ya ce kada ya shiga. Ban raina iyonsa ba, na san yaran Yawuri da na gungunan Neja, wasunsu sun iya ruwa kafin su iya hawan keke. Amma iyawar ce abin tsoro. Baƙauyen da bai taɓa shiga ruwa ba, da igiya ta taso zai kwashe wandonsa ya ruga. Wanda ya yarda da hannunsa shi ne zai ce bari ya ƙara gaba kaɗan.

Kogi ya san inda ya dosa. Neja daga arewa take gangarowa ta wuce Yelwa ta faɗa tafkin Kainji, kai ma ka san haka, don haka in za ka ƙetare sai ka fara daga sama ka bar ruwa ya kai ka inda kake so. Teku kuwa zuwa take ta koma. Raƙuman ruwa suna ta jibga ruwa a gaɓa, ruwan nan kuma dole ya sami hanyar komawa. Sai ya tattaru ya ɓalle ta wuri guda siriri, kamar yadda ruwan gonar shinkafa ke tserewa ta inda kunya ta karye, ya miƙe can cikin teku da gudun da ya fi ƙarfin gwanin iyo. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kyan gani. Babu farin kumfa, ruwan ya ɗan yi duhu ya kwanta, sai mutum ya ce ga inda zan yi wankana. Idan tsautsayi ya sa ya ɗauki mutum, kada ya yi kokawar komawa gaɓa kai tsaye, gajiya za ta kashe shi kafin ruwa. Ya yi iyo a kaikaice, gefen gabas ko yamma, har ya fita daga bakin hanyar, ko ya kwanta rigingine ya ɗaga hannu a gan shi. Na faɗi wannan ne don a sani, ba don in ba shi lasisi ba.

Akwai kuma wani abu game da gaɓar Legas ta wajen Lekki: gangare gare ta. Taku biyu uku ruwa na idon sawu, na gaba sai ka ji babu ƙasa. Igiyar kuma a nan bakin yashi take fashewa, in za ta koma sai ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Babba yakan yi tangaɗi, yaro kuwa faɗuwa yake. Saboda haka yaran nan hannunsu a naka, ko da jiƙa ƙafa kawai za a yi, kuma kada kowa ya juya wa ruwan baya don ɗaukar hoto. Inda kuka shimfiɗa tabarma da safe ma ba lallai ya kai la'asar a bushe ba, domin teku tana cika ta janye sau biyu a kwana, jan wata ne ke sa haka. Ku dubi inda yashi ya yi danshi da layin tarkacen da ruwa ya bari, ku zauna can sama da shi. In da hali ku sa tafiyar tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin ruwan ya fi kwanciya. Da damina teku fushi take, a watan Agustan 2012 ta yi toroƙo a gaɓar Kuramo ta tafi da mutane fiye da goma.

Yanzu batun inda za ku. Idan ka tambayi dattawan zango a Agege ko Idi-Araba, da yawa Bar Beach za su ce maka, don ita suka sani. Babu ita yanzu. Labarinta ma abin ji ne. Tsakanin 1908 da 1912 Turawa suka jera manyan duwatsu suka yi katanga zuwa cikin teku a bakin mashigar Legas, don kada yashi ya toshe wa jiragen ruwa hanya. To yashin gaɓar nan daga yamma yake tafiya zuwa gabas. Katangar ta tare shi a yamma, gabas ta rasa, teku ta yi ta cin Bar Beach shekara da shekaru har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello da ke Victoria Island. Daga baya aka cike wurin da yashin da aka yaso daga ƙasan teku, aka gina sabon gari mai suna Eko Atlantic a kai. Wata gaɓar da mutane suka so, ta Landmark, an rushe gine-ginenta a ƙarshen Afrilun 2024 saboda titin bakin teku da za a ja daga Legas zuwa Kalaba. Kada wani direba ya caje ka kuɗin kai ka wuraren nan.

Elegushi a Lekki tana nan, mota na kai mutum har ƙofa, ana biyan kuɗin shiga. Akwai dawaki na haya, akwai masu tsire, kuma za ka ji Hausa a bakin da yawa daga cikinsu. Sai dai in yamma ta yi, musamman Asabar da Lahadi, wurin kiɗa ne da giya da shigar da ba za ka so maiɗakinka da yaranka su tsaya kallo ba. Wanda ya zaɓe ta ya je ranar aiki da hantsi, ya bar wurin kafin la'asar.

Ni dai da za a bi tawa, Tarkwa Bay za ku. Dalilina biyu. Na farko, tana lafe ne a bayan waɗancan duwatsun na Turawa, sun karya ƙarfin igiyar, don haka ruwanta ya fi na Lekki sauƙin kai nesa ba kusa ba. Na biyu, mota ba ta zuwa, sai jirgin ruwa, wannan kuwa shi kansa rabin yawon ne. Daga Mile 12 ba ka da wahala: manyan motocin bas na BRT tun da aka fara su a 2008 layinsu na farko daga nan ne zuwa CMS da ke tsibirin Legas, sai dai ka tanadi katin Cowry da ake biya da shi. A wajen CMS ɗin akwai masu jiragen da ke zuwa Tarkwa, akwai kuma tashar Five Cowries a Falomo cikin Ikoyi, wadda ta fi tsari in da mace da yara. Ku fito bayan asuba kaɗan. Gosulon Legas ka fi ni saninsa.

A tasha, kowa ya sa rigar ruwa a ɗaure ta sosai, yara a nemo musu daidai jikinsu. In mai jirgi ya ce babu, ko ka ga ya ɗura mutane fiye da kima, ku sauka ku jira na gaba. Ba sai na yi wa mutumin Yawuri dogon wa'azi a kan wannan ba, duk mun san hatsarin jirgin ruwan da ya faru a Wara cikin Ngaski a watan Mayun 2021, har yau akwai gidajen da ba su warke ba.

Tafiyar ba ta da nisa, ba ta cika wuce minti ashirin ba. Za ku ratsa ta hanyar da manyan jirage ke bi zuwa Apapa da Tin Can. Ka zaunar da yaran inda za su gani. Jirgi guda ɗauke da kwantenoni jere bisa jere, kowace ɗaya kuwa ita ce lodin tirela sukutum da kake gani a hanyar Kontagora. Kai da ke biyan kuɗin mota buhu-buhu, na san lissafi za ka kama yi a zuci. In kun sauka, akwai rumfuna da kujeru na haya. A yi ciniki a gama kafin a zauna, a kuma tambaya ko kuɗin na wuni ne ko na awa. Haka doki, haka mai hoto, haka yaron da zai karɓi jakarka ya ce taimako ne. A Legas abin da ba a yanka wa farashi da farko ba, a ƙarshe mai shi ke yankawa. Ka riƙe kuɗi a hannu, ƙanana, kada ka dogara da tiransifa a tsibiri.

Ana iya takawa a bi gefen katangar duwatsun, nan ne masu ƙugiya ke zama, nan ne kuma za ka ga bambancin ruwan ciki da na waje ƙuru-ƙuru. Duwatsun da ruwa ke taɓawa suna da gansakuka da santsi, ba wurin yara ba ne. Ƙanenka zai ga samarin wurin suna hawa igiya a kan allo, zuciyarsa za ta motsa. Ka tuna masa su a nan aka haife su. In ya matsa ƙwarai, iyakarsa gwiwa, a cikin lungun, inda jama'a suke.

Abinci ku taho da naku. Dambun nama, soyayyar kaza, burodi, da ruwan sha mai yawa, don iskar teku na sa mutum ya manta rana na dukansa. Abin da za ku saya a can shi ne ɗanyar kwakwa, a sare muku kai ku sha ruwan, a fasa ku kankare na cikin. Kifi gasasshe ma akwai, amma mutumin da ya saba da giwan ruwa da rajiya na Yawuri ba lallai ya yaba ba, kuma kuɗinsa zai ba ka haushi.

Alwala da ruwan teku ta halatta, babu wata tantama. An tambayi Manzon Allah (SAW) wannan tambayar taka, masu tafiya a jirgi ne da ɗan guzurin ruwa, ya amsa musu cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, mushenta kuma halal ne. Hadisin Abu Huraira ne, yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Ka ɗebo da buta ka koma sama ka yi alwalarka a natse, kada ka tsuguna a bakin igiya. Wajen kurkure baki a furzar da kyau. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, ya fi abin da ƙodar mutum za ta iya tacewa, shi ya sa mai shan sa ƙishirwa ke ƙaruwa masa. Na faɗi haka ne don na san za a sami wata gwaggo a gida da za ta ba da saƙon a ciko mata jarka wai magani ne. In an kawo mata, kada ta sha, kada ta ba yaro. Alƙibla kuma daga Legas gabas ce a ɗan karkata arewa. A gaɓar Lekki teku na kudu, don haka in ka tsaya daidai za ta kasance a damanka. A Tarkwa gaɓar ta lanƙwasa, ka duba da waya ko ka tambayi masu tsire. Hajiya ta taho da babban hijabi mai nauyi da abin shimfiɗa, iskar wurin ba ta barin mayafi ya zauna.

Ku yi la'asar ku kama hanya. Tun da safe ka karɓi lambar mai jirgin ku tsayar da lokaci, domin hukuma ta hana tafiyar dare a ruwa, kuma masu jinkiri su ake tsuga wa kuɗi.

Saura tsaraba. Shagunan bakin teku na baƙi ne, farashinsu ma na baƙi ne. A bar yara su tsinci bawon katantanwar teku a yashi kyauta, ya ishe su nuna wa abokai. Akwai kasuwar kayan hannu a Lekki, wajen Jakande, mai rumfuna jere da duwatsun wuya, sassaƙa, zane-zane da kayan fata. Ta cancanci a zaga ta. Amma ka ja kunnen maiɗakinka: jakunkuna da takalman fata da tandu da za su ɗauki idonta, yawancinsu daga Arewa aka kai su, mai shagon ma wataƙila da Sakkwatanci zai yi mata sannu da zuwa. Abin kunya ne a sayi jakar Kano a Lekki da kuɗin Turawa a ɗauko ta zuwa Yawuri. Ta nemi abin da babu a gida: adire, rinin Yarbawa da Abeokuta ta yi suna a kansa, da busasshen jatan lande na miya, da kwakwa. In an faɗi kuɗi ta taya ƙasa da rabi ba tare da jin nauyi ba, in an ce albarka ta yi gaba, za a kira ta.

In kuwa atamfa da leshi ne a ranta, to wannan ba aikin ranar teku ba ne. Kasuwar Balogun ce a tsibirin Legas, ba ta da nisa da CMS, amma wuni take ci ita kaɗai, kuma ba a shigarta da gajiyayyun yara masu yashi a ƙafa. Ka ware mata washegari, ka bar yaran wajen ƙanenka a masauki, kuɗin albasar kuma ka raba su aljihu biyu.