Amsa kan bashin gina filin wasa da wurin shaƙatawa

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka kan taƙaddamar garinku: majalisar ƙaramar hukuma na son ciyo bashin banki ta gina filin ƙwallo da wurin wasan yara, matasa na murna, dattawa da 'yan kasuwa sun ce ba da su ba, kai kuma kana son sanin wa ke da gaskiya. Na daɗe a sashen kuɗi na wata ƙaramar hukuma kafin na yi ritaya, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Masu cewa wannan ba aikin ƙaramar hukuma ba ne ba su duba doka ba. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa wuraren shaƙatawa da lambuna da filaye a jerin ayyukanta, tare da tituna da magudanan ruwa. Ni ma ina bayan matasan a buƙatarsu. Duk mun ga yadda aka yayyanka filayen makarantu aka jera shaguna, har yaranmu ba su da wurin buga ƙwallo sai bakin kwalta, ga motoci ga babura.

Bashin ne ke ba ni tsoro, saboda na san inda ake cire shi. Banki ba ya zaman jiran kuɗin tikitin ƙofa. Tun ranar sa hannu ake ba shi takardar izinin yankar rabonsa daga kason da ke zuwa daga Abuja duk wata, kafin ma'aji ya ga ko sisi. Daga wannan kason ake biyan malaman firamare da ma'aikatan shan-magani da 'yan fansho, abin da ake tarawa a kasuwa da tasha kuwa bai taka kara ya karya ba. Ga kuɗin ruwa: a ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai nasa kashi 27.5 cikin ɗari, bankuna kuma sai sun ɗora nasu a kai. A ce an ciyo naira miliyan 500 a kan kashi 30, ruwan shekarar farko kaɗai miliyan 150 ne, ba a taɓa uwar kuɗi ba. Shugaban da ya sa hannu zai gama wa'adinsa ya tafi, ya bar wa na bayansa.

A wajenmu an taɓa yin irin wannan wuri. Ranar buɗewa da makaɗa da rumfuna, liluna sun sha fenti kore da fari. Amma a kasafin shekarar da ta biyo baya babu inda aka rubuta kuɗin maigadi, ko man janareta, ko na ban ruwan ciyawa. Aka kwance famfon rijiyar burtsatse, aka cire ƙarafunan lilo, awaki suka mayar da wurin makiyaya, banki kuwa bai fasa yankarsa ko wata ɗaya ba. Watannin da albashi ya zo rabi, matan da ke sharar asibiti su ne ke tsayawa a tagar ofishina da takardunsu a leda, suna tambaya ko akwai labari. Har yau abin na ci mini rai, domin ba wanda ya shawarce su lokacin da ake ciyo bashin.

Ko a Amurka an ga haka. Birnin Stockton na jihar Kalifoniya ya ciyo bashi ya gina katafaren zauren wasanni da filin wasa a bakin ruwa, aka buɗe su a 2005. Da farashin gidaje ya faɗi a 2008 haraji ya ragu, ga nauyin fansho, sai da aka rage 'yan sanda kusan kashi ɗaya cikin huɗu, a watan Yunin 2012 kuma birnin ya je kotu ya ce ya kasa biyan basussukansa.

Wasu za su ce a kauce wa riba a bi ta sukuk, wato takardun bashi na tsarin Musulunci da babu kuɗin ruwa a ciki, kamar yadda jihar Osun ta yi a 2013 don gina makarantu. Hakan ya fi kwanciyar rai, amma shi ma daga wannan kason za a biya.

Shawarata, ku bar jayayya a majalisar shayi, ku haɗu da matasan da dattawan ku tafi wajen kansilanku. Dokar kula da kashe kuɗin gwamnati ta 2007 ta ce mai son ciyo bashi ya bayyana dalili da lissafin amfanin aikin, don haka ba roƙo kuka je ba. A nuna muku a rubuce nawa ne bashin, shekara nawa, nawa za a riƙa yanka duk wata, kuma wa zai biya maigadi bayan an watse daga bikin buɗewa. In suka kasa kawo wannan takarda, ku ce a jingine maganar banki, a fara da abin da kasafi zai iya ɗauka: a yi wa filin takardu, a katange shi kafin wani ya yanka fuloti, a baje ƙasa, a kafa raga. Lilo da fitilu su biyo baya a kasafin baɗi.