Tsohuwar Kombi a zauren magada: kada ka yi mata fenti

Wani ɗan kasuwa mai sayar da hatsi a kasuwar Kara ta Sakkwato ya aiko da tambaya. Ya ce: "Malam, na iske wata tsohuwar Volkswagen Kombi cikin wani gida, mai gado da kabad da ɗan famfo a ciki, rufinta ana ɗaga shi sama. Mai ita ya rasu, ta fi shekara ashirin ba ta tashi ba. Magada sun ce miliyan biyu da rabi. Ɗana ya ce Turawa na sayen irinta da tsada. Ina son in saye ta, in kai ta gareji a yi mata fenti, a sa sabbin kujeru, sannan in sayar. Mi kag gani?"

Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba, amma shirin da ka yi shi ne zai kashe cinikin. Masu sayen irin wannan mota tsufanta suke biya. Fentin da rana ta cinye har ya koma kamar bayan tsohuwar ƙwarya, da labulen da ya koɗe, da katakon kabad na asali, su ne kayan kuɗin. Ranar da mai fenti ya feshe ta, ka biya kuɗi an rage mata daraja. Na taɓa ganin haka da idona. Wani abokina ya samu irinta, ya cire gadon ya zuba benci, ya sa injin wata mota ta Japan, ya yi mata kore shar. Mai saye ya zo, ya leƙa ciki sau ɗaya, ya ce sai an jima. Daga baya gawayi take ɗauka.

Sai ka san wacce ce a hannunka. Kombi ta farko, wadda gilashin gabanta ya rabu biyu, an yi ta a Jamus daga 1950 zuwa 1967, ita ce mai tsadar gaske. Ta biyu mai gilashi ɗaya faffaɗa, daga 1967 zuwa 1979, tana da masu nema amma ba ta kai yayarta ba. Brazil kuma ta ci gaba da ƙera Kombi har 2013, kuma masu tara tsoffin motoci ba su ɗaukar ta Brazil daidai da ta Jamus. Wadda ka kwatanta, mai rufin da ake ɗagawa, ta yi kama da aikin kamfanin Westfalia, wanda shi ya fi shahara wajen mayar da Kombi ɗakin kwana. Ban yi mamakin ganinta a Sakkwato ba. A shekarun 1970 da 1980 Turawa 'yan yawon buɗe ido kan keto Sahara ta Tamanrasset da Agadas, su sauko Tawa da Birnin Ƙonni, da yawansu su sayar da motar idan guzuri ya ƙare. Daga Ƙonni zuwa Illela kuwa taku ne.

Ka tafi da fitila da tabarma ka shiga ƙarƙashinta. Busasshiyar iskarmu alheri ce a nan, don babban ciwon waɗannan motoci a Turai tsatsa ce, saboda damshi da gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara. Duba ƙasan ƙofofi, da wurin zaman batir a baya, da inda direba ke aza ƙafa. Idan ka danna da sukundireba ya huda, ciniki ya sauya. Roba da tantin rufi kam rana ta gama da su, wannan ba komai ba ne, ana samun sababbi. Injinta yana baya, iska ke sanyaya shi, ba ya da lagireto. Kada ka bari wani bakanike ya haɗa batir ya murza makulli don ya nuna gwaninta. Injin da ya yi shekara ashirin a kwance da hannu ake fara juya shi, a ga ko ya kafe. Ka kwafi lambar shasi da ta inji, da abin da ke jikin ɗan farantin ƙarfe da galibi ke bayan kujerar gaba, ka ɗauke su hoto. Da lambar shasi ake neman takardar shaida daga Volkswagen a Jamus, wadda ke faɗin lokacin da aka ƙera ta da launinta na asali.

Kayan gado ne, saboda haka kada ka ba mutum ɗaya kuɗi a zaure. A tara magada ko wakilinsu da kowa ya yarda da shi, a yi rubutu gaban shaidu. Ka nemi tsoffin takardunta, musamman na kwastam. Motar da ta shigo ba takarda tana da wuyar fita.

Yanzu ga inda na fi jin tsoro. Wa zai saya? A Sakkwato, in ban da ikon Allah, 'yan gwangwan ne za su taya, su kuwa kilo suke aunawa. Mai sayenka na gaskiya yana Legas ko Abuja, ko Ingila da Jamus da Amurka. Dokokinsu ma suna taimaka masa: Jamus na ba motar da ta kai shekara 30 lambar mota ta musamman ta motocin tarihi idan tana nan yadda aka ƙera ta, Amurka kuma na sassauta shigo da wadda ta wuce shekara 25. Amma farashin da ɗanka ke gani a intanet na motar da ta riga ta isa can ce, da takardu, a ƙofar mai saye. Kai kuwa sai ka cire kuɗin ɗora ta kan babbar mota tafiyar kilomita wajen dubu zuwa Legas, da kwantena, da ejan, da takardun fitar da kaya, da la'adar dillali. Sannan ga watannin jira. Miliyan biyu da rabi a buhunan gero da kaka kan juya kafin damina. A Kombi za su iya kwana shekara.

Don haka shawarata, kada ka taɓa uwar kuɗin hatsi. Idan kana da rarar da za ta iya barci, bismillah. Kuma ka nemi mai saye kafin ka saya. Ka ba magada kafin alƙalami kaɗan, su ba ka wata biyu, ka wanke ta da ruwa da sabulu kawai, ɗanka ya ɗauki hotuna kamar hamsin, har da ƙarƙashi da wuraren da suka lalace, ya tura wa masu harkar. Duk wanda ya ce ya turo fiye da farashi ka mayar masa da canji, ɗan damfara ne, kuma mota ba ta barin gida sai ka ga kuɗi a asusunka daga bakin banki, ba saƙon waya ba. Idan wata biyu suka cika ba wanda ya taya da gaske, ka bar musu kafin alƙalamin, ka koma rumfarka.

Turo min hoton gilashin gaba da lambar shasi, in gaya maka ko miliyan biyu da rabin ta yi yawa.